Ɗigo Uku a Jikin Jan Bango

Shafi na 23

Masu cika min waya da "a ci gaba, a ci gaba," na gani. Wanda ya tambaya ko mutuwa na yi, da sauran kwana. Ku zauna.

*

Malam Badamasi bai tsaya karin kumallo ba. Ya mayar da faifan garmahon cikin bangonsa, ya naɗe shi da tsohon rawani, ya tari adaidaita sahu a bakin gadar kanal ɗin noman rani ta Bunkure, ya ce, "Kura."

Kwana tara ke nan da aka cire masa yanar ido. Likita ya yi masa alkawarin zai ga duniya tar. Bai yi masa alkawarin zai so abin da zai gani ba.

Abin da ya gani ɗin bai fi ƙwayar gero uku ba. Da hantsi ya fito da faifan zai goge, karo na farko tun rasuwar matarsa Sa'adiya bara, sai haske ya faɗo a kan ɗan filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. Ɗigo uku ne na tsinin basilla, biyu a sama ɗaya a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar shinkafa a Kura ya san wannan lamba. Ita ce a kan kowane buhu na Alhaji Hashimu mai injin casa, ita ce kuma yake yi wa kowane faifai nasa.

Kusa da ɗigon akwai lambar da masu buga faifai suke karcewa da hannu. Ta bugun farko da ɗaya take ƙarewa. Wannan da biyu ta ƙare.

Faifan Hashimu ne a cikin bangon Badamasi.

Shekara arba'in da takwas ke nan tun da wani Bature, cikin injiniyoyin da suka haƙa kanal, ya tashi komawa ƙasarsu ya bar wa samari biyu akwatin faya-fayan kiɗan jaz su raba. A ciki akwai wani faifai guda biyu iri ɗaya. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakinsu, suka sa masa Jan Bango. Ƙuri'a ta ba Badamasi bugun farko, ta bar wa Hashimu bugu na biyu. Baturen ne ya nuna musu bambancin: a bugun farko, dab da kiɗa na uku, ana jin mai ƙaho ya ja numfashi kafin ya busa. A bugu na biyu an yanke wurin, don masu aikin sun ɗauka datti ne.

Tun daga nan kowace Juma'a, bayan an sauko, sai su zauna su sa wannan su sa wancan. In an zo wurin a faifansa, Badamasi ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ka ji?"

A shekarun farko Hashimu kan ce ya ji. Daga baya ya koma cewa, "Ban ji ba."

"Ina za ka ji. Injin casa ya cashe maka kunne."

Shi Badamasi bai taɓa duba lamba ba. Ya kan ce duba lamba aikin kurame ne.

Kafin adaidaita ya wuce gonakin albasa ya gama yanke hukunci. Lokacin zaman makoki aka yi masa. Kwana bakwai Hashimu yana shige da fice a gidansa, shi kuwa yana zaune kan tabarma, ido ya rufe da yana, zuciya ta rufe da abin da ya fi yana.

*

Ya same shi a filin shanya, bayan injin. Shinkafar da aka turara tana baje kan tamfol har bakin titi, ma'aikata suna juya ta da manjagara. Alhaji Hashimu na tsugune, ya ɗebi 'yan ƙwayoyi yana gwadawa da haƙori. Da ya ɗago ya gan shi, fuskarsa ta washe.

"A'a! Makaho ya warke! Yau ba Juma'a ba, me ya fito da kai? Ko ka zo ka ga munina da sabon ido?"

Badamasi ya wuce shi. Ya juya wajen shugaban ma'aikatan.

"Uba, kashe injin nan."

Uba ya dubi maigidansa. Hashimu ya gyaɗa kai. Ƙarar ta mutu, ƙurar ɓuntu ta fara sauka. Mata masu jiran casa suka juyo, masu manjagara suka dogara da ita.

"Lafiya, Malam?"

"Ita ta kawo ni. Ina so kowa ya ji, kada gobe a ce tsufa ne ya sa na yi mafarki."

Ya warware rawanin, ya zaro faifan, ya ɗaga shi a rana.

"Saukar da shi daga rana," in ji Hashimu da sauri.

"Ka damu da shi? Ai dole. Naka ne."

Hashimu ya miƙe a hankali, yana kaɗe hannu a jikin rigarsa.

"Ɗigo uku," in ji Badamasi. "Biyu a sama ɗaya a ƙasa. Uba, lambar wa ce?"

Uba ya sunkuyar da kai.

"Ba ka sani ba? A bayanka take kullum in ka ɗauki buhu."

"Malam, mu je gida," in ji Hashimu.

"A nan zan faɗa. Na karanta tarihin ɓarayi iri-iri, Hashimu. Masu fasa rumbu, masu kwance saniya, masu karkatar da ruwan gonar maƙwabci. Shekara talatin ina riƙe da makullin ƙofofin kanal, babu irin wanda ban kama ba. Amma wanda zai bar mutum a kan tabarmar makokin matarsa ya shiga ɗakinsa ya musanya masa kaya, sai yau na gan shi. Da ido biyu. Sababbi."

Wata mata ta yi salati.

"Ɓarawo," in ji Badamasi, bai ko ɗaga murya ba. Ba ya bukata. Filin ya yi tsit har ana jin kurciya a kan wayar lantarki.

Hashimu ya daɗe yana dubansa. Shekararsa saba'in da huɗu, ya je Makka sau biyu, shi ake kira in an yi rigimar awo a kasuwa.

"Ka gama?"

"Ka musa."

"Ban musa ba. Faifana ne."

Ma'aikatan suka dubi juna.

"To fito min da nawa."

"Mu je gida," Hashimu ya sake cewa. "Ka faɗi taka a gaban jama'a. Tawa ba ta filin shanya ba ce. Uba, ta da injin, mutane na jira."

*

Gidan yana bayan injin, taku kaɗan. Falon yana nan yadda Badamasi ya san shi: kujeru biyu suna fuskantar lasifika, kanta cike da faya-fayai a tsaye, garmaho rufe da ƙyalle. Bai zauna a kujerarsa ta Juma'a ba. Ya tsaya.

Hashimu ya je kanta, ya zaro nasa Jan Bangon.

"Kawo," in ji Badamasi.

"Tsaya. Kai ne ka ce duba lamba aikin kurame ne. Zauna ka ji shi tukuna. In kunnenka ya ce naka ne, ka tafi da shi."

"Gwada ni za ka yi?"

"Kai ka gwada ni sau dubu. Yau ɗaya ka bari."

Badamasi ya zauna a bakin kujera. Hashimu ya goge faifan, ya ɗora, ya sauke allura a ƙarshen kiɗa na biyu. Ƙaiƙayin allura ya fara, sannan fiyano ya shigo yana sauka a hankali kamar mai saukowa daga tsani da tulu a ka. Mai ganga yana shafar fata da tsintsiyar ƙarfe. Babbar tsirkiya tana bugawa can ƙasa, a inda ƙirji ke ji kafin kunne.

Badamasi ya rufe ido. Shekara guda bai ji wannan kiɗan ba. Ya ji wuyansa ya saki.

Fiyano ya yi shiru. Allura ta shiga ratar da ke tsakani.

Yatsansa ya tashi da kansa.

Ƙaho ya shigo.

"Ka ji?" ya ce. "Ka ji shi? Ya ja numfashi. Wannan shi ne nawa. Ji yadda ƙahon yake tsaye a tsakiyar ɗaki kamar mutum. Ji tsirkiya, tana da nama a jikinta. Naka kuwa siriri ne, kamar kunun da aka yi wa baƙi ƙari da ruwa. Ko a kabari aka sa min wannan zan gane shi."

Hashimu ya ɗage allurar. Ya cire faifan, ya riƙe shi ta gefe da tafukansa biyu, ya kai bakin taga.

"Zo da sabon idon naka."

Badamasi ya zo. Ya karkata faifan har haske ya kwanta a kan filin mai santsi.

Ɗigo uku. Lambar ta ƙare da biyu.

Ya juya ɗaya gefen. Biyu.

Ya ɗauko wanda ya zo da shi, ya jera su. Kamar Hassan da Husaini.

"Wannan wane irin wasa ne?"

"Ba wasa. Duka biyun bugu na biyu ne. Babu numfashi a ko ɗaya."

"Yanzu na ji shi."

"Na sani. Na ga yatsanka."

Badamasi ya ajiye faya-fayan a kan tebur. Ya nemi fushinsa ya same shi yana nan, sai dai ya rasa inda zai dafa.

"Ka sayar da nawa ke nan. Ka sayi wannan ka rufe min ido."

"Wanda ka zo da shi, shi Bature ya ba ni. Wanda na sa yanzu a Legas na samo shi, bayan wata takwas ina cigiya. Ka tuna lokacin da na ce maka allurata ta karye, muka daina sa nawa?"

Ya tuna. Har ya ce masa Allah ne ya hutar da faifan daga kunnensa.

"Wannan ai tun 'yata Khaulat tana firamare ne."

"Shekara talatin da ɗaya."

"Ƙarya ne. Bara ka musanya."

"Bara ban shiga ɗakinka ba sai da na je ɗauko maka carbi."

Shekara talatin da ɗaya. Badamasi ya lissafa Juma'o'in bai so ba, kansa ne ya yi masa. Sun haura dubu da ɗari biyar. Dattawa biyu a gaban lasifika, suna sa abu ɗaya sau biyu, ɗaya yana yi wa ɗaya gorin kunne.

"Ina nawa?"

Hashimu ya rufe garmahon da ƙyallensa.

"Ina nawa, Hashimu?"

"Amana ce. Ka kira ni ɓarawo na ɗauka. Ba zan ƙara da cin amana ba."

"Amanar wa?"

Labulen ƙofar cikin gida ya motsa.

"Alhaji, cewa ta yi in ya gano da kansa a ba shi. To ya gano."

Hajiya Nana Aisha ce, matar Hashimu, aminiyar Sa'adiya tun suna makarantar allo. Ta shigo da wani abu naɗe a zane, ta tsaya ba ta gaishe shi ba. Tun da yake da ita ba ta taɓa haka ba.

Zanen ya fara ganewa. Atamfa mai ganyen kuka, wadda ya saya wa Sa'adiya da goyon Khaulat.

*

Ta ajiye ƙunshin a kan tebur ta kwance.

Da farko bai gane abin da yake gani ba. Baƙin abu ne, ya lanƙwashe ya yi tudu da kwari kamar gurasar da aka manta a tanderu. Gefe ɗaya ya naɗe sama. Takardar tsakiya ta kumbura ta yi fari.

Ya sunkuya. Lambar tana nan a gefen da bai narke ba. Da ɗaya ta ƙare. Babu ɗigo.

"Wa ya yi wannan?"

"Rana," in ji Nana Aisha.

"Wa ya sa shi a rana?"

"Zauna, Malam."

"Hajiya, wa ya..."

"Na ce ka zauna. Ka yi magana a filin shanya an ji ka har cikin gidan nan. Yanzu kai za ka ji."

Ya zauna.

"Shekarar da ruwa ya tsallake kanal ya shiga unguwarku, kana Zariya wajen kwas. Sauran faya-fayanka suna sama a kanta, ba abin da ya same su. Wannan kuwa, saboda ka fi son sa, ka ɓoye shi a akwatin ƙarƙashin gado. Ruwa ya kwana a kansa."

"An ce min ruwan bai wuce tsakar gida ba."

"An ce maka. Da gari ya waye ta fito da komai. Katifa, littattafanka, buhun shinkafa, duk ta shanya. Mu nan me muka sani in abu ya jiƙe? Rana. Ta zare shi daga bangon, ta wanke masa laka da ruwan randa, ta nemi wurin da ya fi ko'ina zafi don ya riga komai bushewa. Ta ɗora shi a kan kwanon ɗakin girki."

Hashimu ya kau da kai.

"Har juya shi take yi," in ji Nana Aisha. "Kamar yadda ake juya shanya, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya. Ta juya sau biyu. Ta tafi ta ɗora tukunya. Da ta dawo juyi na uku, ga abin da ta tarar."

Ta ci gaba.

"Bangon ya bushe lafiya. Tabon da ke kusurwarsa, ka tambaya aka ce maka lemar damina ce. A ƙasa ta zo nan daga Bunkure, Malam, babu mota saboda ruwa ya cinye hanya. Laka har gwiwa, da Khaulat a hannu, da wannan a ƙirji. Ta faɗi a tsakar gidan nan tana cewa, Nana na kashe kaina."

"Don faifai?" in ji Badamasi. "Ai da ta faɗa min."

Nana Aisha ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Da ta faɗa maka. Shekara biyu kafin nan, Khaulat tana da shekara huɗu ta ja ƙusa a kan wani faifanka, wanda ma ba ka damu da shi ba. Wata nawa ka yi ba ka ci abincin gidanka ba?"

Ta ɗaga yatsu uku.

"Uku. Ba ka zage ta ba, ba ka dake ta ba, kai ai mai ilimi ne. Ka dai daina ganinta. Ta gaishe ka ka buɗe littafi. Ta ajiye tuwo ka aika a sayo maka burodi. Da ka gaji ka ci gaba da magana kamar ba a yi komai ba. Ka taɓa ce mata ki yi haƙuri?"

"Hajiya, ya isa," in ji Hashimu.

"Bai isa ba, Alhaji. Shekara talatin da ɗaya ina haɗiye shi, ya zame min ƙulli a wuya." Ta juyo. "Ni na shiga na gaya wa Alhaji. Bai ce komai ba. Ya tashi ya zaro nasa ya ba ni, ya ce a sa a bangon, Badamasi ba ya duba lamba."

"Na so in kankare ɗigon," in ji Hashimu a hankali. "Na ji tsoron in ɓata shi."

Badamasi ya dube shi.

"Kai kuma ka zauna kowace Juma'a ina ce maka kurma."

"Me zan ce? Ka tambaye ni ko na ji, na ce ban ji ba. Ban taɓa yi maka ƙarya a kan wannan ba."

"Ka bar ni ina yabon abin da babu."

"Na bar ka da matarka."

Daga waje ƙarar injin tana zuwa, ƙasa-ƙasa.

Sai wani abu ya faɗo wa Badamasi, ya ji kamar an zare masa kujera. Sa'adiya ba ta son jaz. 'Yar gidan malamai ce, kukan ƙarfe take ce masa. Amma wani lokaci in ya sa Jan Bango shi kaɗai, takan zo ta zauna a bakin ƙofa da tsintar shinkafarta a tire. In ya ɗaga yatsa ya ce, "Kin ji?" sai ta ɗago.

"Na ji, Malam."

Ita kaɗai ce a duniya take cewa ta ji. Har ya kan yi wa Hashimu gori da ita: matar da ba ta san fiyano daga turmi ba ta fi ka kunne.

"Ta san babu," ya ce, ba da kowa yake ba.

"Ta fi kowa sani," in ji Nana Aisha. "Ta ce min duk ranar da ka ɗaga yatsan nan sai gabanta ya faɗi. Ta ce tun tana jin tsoron ka gane, har ta koma tausayin ranar da za ka gane."

Ya kai hannu ya taɓa faifan da ya lanƙwashe. Numfashin yana ciki, a wani kwari da allura ba za ta ƙara bi ba har abada. Ya tuna hannunta, yadda take juya shanya da bayan yatsu.

Idon da aka gyara masa ya cika. Likita ya hana shi murzawa, don haka ya bar shi ya zuba.

*

"Da saura," in ji Nana Aisha.

Ta ɗaga faifan. A ƙarƙashinsa akwai ambulan, an liƙe bakinsa, an kuma ɗinke shi da zare baƙi.

"Kwana shida kafin ta cika ta aiko a kira ni. Kana tsakar gida kana faɗa da mai maganin da ya kawo allurar da ba ita ba. Ta rubuta wannan a kan gwiwata."

Ya miƙa hannu. Ba ta saki ba.

"Karanta bayan tukuna."

Ajaminta ne, mai kwanciya gefe, wanda take rubuta wa 'yan Islamiyya a allo. Sai dai layin yana gangarewa ƙasa, hannun ya gaji. Kwana tara da suka wuce da ba zai iya karantawa ba. Yau kowane harafi ya fito tar.

"Malam. Na san kafin takardar nan ta zo hannunka ka riga ka kira Alhaji ɓarawo. Kada ka buɗe sai ka ba shi haƙuri, a inda ka faɗa, a gaban waɗanda suka ji. In ba za ka iya ba, ka bar wa Nana ta ƙona. Ba zan riƙe ka ba."

Ya karanta sau biyu. Ya ji kaurin ambulan ɗin tsakanin yatsunsa. Ba takarda ɗaya ba ce. Uku, ko huɗu. Tun da aka binne ta yake neman ko layi ɗaya da ta bari, ya zazzage akwatunanta bai samu komai ba sai lissafin haddar ɗalibai.

"Ba shi abinsa, Hajiya," in ji Hashimu. "Ni na yafe. Wallahi na yafe tun a filin."

"Ba yafewarka ta tambaya ba, Alhaji."

"Mutumin nan shekararsa saba'in da biyu. Kin taɓa jin..."

"Ban taɓa ji ba. Ita ma ba ta taɓa ji ba, shekara arba'in da ɗaya." Ta dubi Badamasi, ta saki ambulan ɗin a hannunsa. "Ga shi. Ba zan yi kokawa da kai ba. In ka ga dama ka yage zaren a nan, babu mai hana ka sai ita. In kuma ba za ka iya ba, murhuna da wuta, yanzu na sauke ɗumame."

Badamasi ya dubi zaren. Ɗinkin ƙanana ne, a jere, irin nata. Da farce ɗaya zai tsinke.

Ya daɗe a zaune.

Sannan ya miƙe, ya bar faya-fayan uku a kan tebur, ya fita. Ya ji takun Hashimu a bayansa, bai waiwaya ba.

Rana ta take. Filin shanya ya fi ɗazu cika, don labari ya riga ya zaga: masu adaidaita sun tsaya, masu awo sun baro rumfa, matan ɗazu ba wadda ta tafi. Da suka gan shi manjagara ta tsaya a hannun masu ita.

Ya taka har inda ya tsaya ɗazu, daidai bakin tamfol. Ambulan ɗin yana hannunsa na dama, gumi ya fara jiƙa gefensa.

"Uba."

"Na'am, Malam."

"Kashe injin nan."

Wannan karon Uba bai dubi kowa ba. Ƙarar ta mutu.

Ido ya fi ɗari a kansa. Ya san kalmomin, guda uku ne, yaron goye ma ya san su. Ya karanta littafi ya fi dubu, ya yi wa manyan injiniyoyi gyara a gaban jama'a, bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ya nemi ukun nan a bakinsa ya ji harshen ya yi nauyi kamar ƙofar kanal da ta yi tsatsa.

Filin ya yi tsit.

Malam Badamasi ya ja numfashi.

A gefensa, a hankali, Alhaji Hashimu ya ɗaga yatsa ɗaya.